Yadda Ake Shirya Tafiyar Yini Ɗaya a Mota Tsakanin Birane Biyu

Na sha yin irin tafiyar nan ta a je a dawo a rana guda, har na daina ƙirgawa. Abin da shekaru suka koya mini shi ne zuwa ba ya ba mutum wahala. Da safe jiki garau, ido a buɗe, mota ta huta. Dawowa ce ke kayar da mutane, lokacin da gajiya ta taru, rana ta yi gora, kuma zuciya ta riga jiki isa gida. Saboda haka duk shirin da zan nuna maka daga dawowa yake farawa, sannan a lissafo baya zuwa lokacin tashi.

Ina magana ne da wanda ya iya tuƙi a cikin gari amma bai saba da babbar hanya ba, kuma da motarsa zai yi tafiyar.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Na mota: safaya mai iska, jak, da sifanar kwance taya. Ka haɗa da ɗan guntun katako mai faɗi da za ka ɗora jak a kai idan ƙasar wurin tana da laushi. Sai gejin auna iskar taya, alamar gargaɗi mai kusurwa uku da ake kafawa a bayan mota idan ta lalace, wayoyin tayar da batir, tocila, abin kashe gobara, lita ɗaya ta baƙin mai irin wanda ke cikin injinka, ruwan lagireto, tsumma, da 'yan sifanu da sukuddireba da filaya.

Na takardu: lasisin tuƙi, takardun mota, inshora, da katin shaida. Ka duba kwanan watan da kowanne zai ƙare aiki, kada ka tsaya ga cewa suna cikin mota kawai.

Na jiki: ruwan sha, aƙalla lita biyu ga kowane mutum, abin taɓawa mara nauyi, akwatin agajin gaggawa, maganin da wani daga cikinku yake sha kullum, da tabarau na rana.

Na sadarwa: waya cike da caji, cajar mota, batirin ajiya na waya, abin maƙala waya a gaban direba, da takarda guda mai lambobin mutum biyu ko uku da ka rubuta da hannu. Mutane suna raina wannan takardar, amma ranar da waya ta mutu za ka gane ba ka haddace lambar kowa ba. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan ban da kati, domin na'urar karɓar kuɗi ba ta da alƙawari.

MATAKI NA 1: KA TABBATA TAFIYAR ZA TA YIWU A YINI ƊAYA

Ka ɗauki takarda da biro. A nan ake gyara tafiya ko a ɓata ta.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya raba nisan hanya da gudun da doka ta yarda. Ya ga kilomita 300, ya ga allon hanya ya ce 100, sai ya ce awa uku. Ba haka abin yake ba. Fita daga cikin gari kaɗai tana cin lokaci, ga garuruwan da hanya ta ratsa, ga manyan motoci da za ka bi a baya kana jiran damar wucewa, ga wuraren gyaran hanya. Ni da kilomita 75 a awa nake lissafi idan hanyar mai kyau ce, idan kuma mai ramuka ce ko mai hawa da gangara sai in sauko zuwa 60. To kilomita 300 a kan 75 awa huɗu ke nan. Ka ƙara rabin awa na hutu. Awa huɗu da rabi zuwa, awa huɗu da rabi dawowa, awa tara sun tafi a hanya.

Yanzu ka duba a wayarka ƙarfe nawa rana za ta faɗi a ranar, domin lokacin yana canzawa da wuri da kuma yanayin shekara. A ce ƙarfe 6:30 na yamma ne. Kana so ka kasance a ƙofar gidanka ƙarfe 6:00. Ka cire awa huɗu da rabi, ka ga dole ka baro can ƙarfe 1:30 na rana. Idan ka tashi ƙarfe 6:00 na safe za ka isa 10:30. Abin da ke hannunka a can awa uku ne kacal. Ka dubi abin da zai kai ka, ka tambayi kanka ko zai ƙare cikin awa uku. Idan ganin mutum ne a ofis, ka sa da jiran da za ka yi. Idan taro ne, ka san ba a cika farawa a kan lokaci ba.

Idan lissafin bai fita ba, hanya uku ce: ka nemi direba na biyu ku riƙa karɓeɓeniya, ko ka rage abin da za ka yi a can, ko ka haƙura ka shirya kwana. Ƙara gudu ba ya cikin zaɓin, kuma zan nuna maka dalili a gaba. A ganina, duk tafiyar da tuƙinta zuwa da dawowa ya haura awa takwas zuwa tara ga mutum ɗaya, ta wuce ta yini guda, ko da an taɓa yin ta an sha.

Wannan ƙarfe 1:30 da ka fitar, ka rubuta shi, ka sa wa wayarka ƙararrawa a kansa, ka kuma faɗa wa waɗanda za ka je wurinsu tun kafin ka taso.

MATAKI NA 2: KA SAN HANYAR KAFIN KA HAU TA

Ka buɗe manhajar taswira irin su Google Maps, ka bi hanyar da ido daga farko har ƙarshe. Ka rubuta sunayen manyan garuruwan da za ka ratsa a jere, da nisan da ke tsakaninsu, da mahaɗar da za ka juya. Manhajar tana ba da damar sauke taswirar yanki a cikin waya don ta yi aiki ko babu intanet, ka yi hakan a gida. Tana kuma barin ka saka ranar da lokacin da za ka tashi don ta ƙiyasta cunkoso, kada ka duba da tsakar dare ka ɗauka haka hanyar za ta kasance da safe.

Amma taswira ba ta san komai ba. Ba ta san ramin da ruwan makon jiya ya haƙa ba, wani lokacin kuma takan jefa mutum wata ƙaramar hanya saboda ta fi kusa da minti goma, alhali ba gidan mai ba mai faci. Ka nemi wanda ya bi hanyar a 'yan kwanakin nan, musamman direbobin da ke bin ta kullum, ka tambaye shi abu huɗu: ina ne hanyar ta lalace, ina ake gyara, ina ne ya fi dacewa a tsaya, kuma akwai wurin da ba a son a bi da yamma. Idan hanyar tana da shingen biyan kuɗi, ka ji yadda ake biya.

Ka zaɓi wuraren tsayawa biyu tun yanzu, ɗaya wajen rabin hanya, ɗaya kuma na ko-ta-kwana. Wuri mai jama'a, mai banɗaki, wanda za ka iya sauka daga kwalta gaba ɗaya. Ka duba hasashen yanayi ma. Ruwan sama mai ƙarfi ko hazo yana iya ƙara maka awa guda cur.

MATAKI NA 3: DUBA MOTA, KWANA BIYU KO UKU KAFIN TAFIYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: motar da ta fito daga garejin bakanike jiya da yamma ba ta kamata ta hau doguwar hanya yau da asuba ba. Noti ɗaya da aka manta ba a ɗaure ba, ko tiyo da bai zauna daidai ba, sai an yi yawo da motar yake nuna kansa. Ka yi gyara da wuri, ka zaga da ita cikin gari kwana ɗaya ko biyu.

Taya ita ce farko. Ka auna iska da safe kafin motar ta yi tafiya, domin taya mai zafi tana nuna iska fiye da gaskiya. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai, ko a littafin motar. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba ita za ka bi ba. Kada ka yarda da bugun taya da ƙafa ko da sifana, ba ya gaya maka komai. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi a doguwar tafiya, kuma ita ce ta fi fashewa.

Ka dubi zanen tayar. A ƙasashe da yawa doka ba ta yarda zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a cikin ramin zanen akwai 'yan tudu ƙanana da aka yi daidai wannan ma'aunin. Idan fuskar tayar ta zo daidai da su, ta gama aiki. Ka shafa gefenta ka ji ko akwai kumburi ko tsagewa. Taya mai ƙululu a gefe ba ta da gyara, cire ta ake yi. Sannan ka nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, shi ya sa taya mai shekara shida zuwa sama take bukatar a sa mata ido sosai, mai shekara goma kuwa a rabu da ita ko zanenta yana nan kamar sabo.

Safaya fa? A nan na taɓa shan kunya. Taya ta sace mini a wani dogon daji, na yi murna ina da safaya, na ɗaga mota, na kwance, na ɗaura, ina sauke jak sai na ga safayar ta baje a ƙasa kamar tabarma. Shekara biyu tana kwance a but ban taɓa auna ta ba. Na kusa awa biyu a gefen hanya kafin na samu wanda ya ɗauke ni da tayar zuwa wurin mai faci. Tun daga ranar da safaya nake fara awo. Idan taka 'yar siririyar nan ce ta wucin gadi, yawanci iskarta ta fi ta sauran yawa, wajen 60 a PSI, ma'aunin iskar taya, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ka gwada jak ɗin ma, ka kuma gwada sifanar a kan notin tayarka, don wani lokacin an ɗaure su da inji yadda hannu ba zai iya kwancewa ba.

Sai ka buɗe bonet, injin a sanyaye, motar a wuri mai daidai. Ka zaro sandar auna baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomin nan biyu. Ka duba ruwan lagireto a robarsa, man birki, da ruwan wanke gilashi. Idan man birki ya yi ƙasa sosai, kada ka ƙara kawai ka rufe: ko takalman birki sun cinye, ko akwai inda yake yoyo, bakanike ya gani. Ka dubi fanbel ko ya tsattsage, ka girgiza kawunan batir ka ji ko sun yi sako-sako.

Fitilu kuma ka sa wani ya tsaya a waje kana kunnawa ɗaya bayan ɗaya: ta gaba, doguwa da gajera, sigina, fitilar birki, ta ribas. In babu kowa, ka juya bayan motar ga bango da dare ka taka birki, za ka ga jan hasken a madubi. Ka gwada waifa da hon.

MATAKI NA 4: LISSAFIN MAI

Idan ba ka san abin da motarka ke sha ba, ga yadda ake ganewa. Ka cika tanki, ka mayar da mitar ƙirga tafiya sifili, ka yi harkokinka na 'yan kwanaki, ka sake cikawa. Litar da ta shiga ka raba da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. A ce ta fito lita 8 a kowace kilomita 100. Tafiyarmu 300 zuwa, 300 dawowa, da kamar 40 na zagaye a can, 640 ke nan, wato lita 51 da ɗoriya. Ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari saboda na'urar sanyaya mota, da kaya, da cunkoso. Ka tanadi kuɗin lita 60.

Ka cika tanki da yammacin jajibirin tafiya don kada layin gidan mai ya cinye maka sammako. A hanya kuma ƙa'idata ita ce allura ba ta sauka ƙasa da kwata. Da ka isa can, kafin ka shiga hidima, ka sha man dawowa. Idan ka bar shi sai za ka taso, lokacin kana sauri ne, za ka ce bari in sha a gaba, gaban kuma ba ka san abin da ke can ba. Idan motar aro ce, akwai ɗan kibiya kusa da hoton famfon mai a allon gabanka, tana nuna gefen da murfin tanki yake. Ban ba ka shawarar ɗaukar fetur a jarka cikin mota ba, haɗarinsa ya fi amfaninsa.

MATAKI NA 5: DAREN TAFIYA

Ka loda kaya, masu nauyi a ƙasa kuma can ciki kusa da bayan kujera, amma kada ka binne safaya da alamar gargaɗi a ƙarƙashinsu yadda sai ka sauke komai. Kada a bar abu mai nauyi sake a kan allon bayan kujerun baya, birki ɗaya zai mayar da shi jifa. Ka faɗa wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji ka. Sannan ka kwanta da wuri ka samu barcin awa bakwai zuwa takwas. Idan kana shan maganin mura ko na ƙaiƙayi, ka karanta takardarsa, da yawansu suna sa barci.

MATAKI NA 6: TASHI DA TUƘIN ZUWA

Ka tashi da wayewar gari, lokacin da ido yake iya ganin hanya ba tare da fitila ba. Kafin ka shiga, ka zaga motar sau ɗaya, ka leƙa ƙarƙashinta ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Ka daidaita kujera da madubai, ka saka inda za ka a taswira tun motar tana tsaye. Kowa ya ɗaura bel, har na baya. Wannan bel mai ratsa ƙirji da ƙugu wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi, ya fara shiga motoci a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Wanda ke baya ba bel, idan aka yi karo, kan na gaba yake faɗawa. Yara a baya, cikin kujerarsu ta yara. Kujerar jariri mai kallon baya ba a sa ta a gaba inda jakar iska take aiki.

Yanzu maganar gudu. Mota mai tafiya kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya ka kalli waya na daƙiƙa biyu, ka yi mita 55 ido rufe. Nisan da birki ke bukata kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan birki ya ninku sau huɗu. Daga 100 zuwa 120 kaɗai yana ƙara kashi 44 cikin ɗari. Me ka samu? A kilomita 300, ko da hanyar taka ce kai kaɗai, minti 30 ne, a zahiri kuwa bai kai haka ba, domin tirelar da ka wuce da ƙyar za ta same ka a cunkoson gaba. Ga shan mai da ya ƙaru.

Ka bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninka da na gabanka. Idan ya wuce wata alama, falwaya ko allo, ka ƙirga a hankali: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. In ka isa alamar kafin ka gama, ka matse shi da yawa. Cikin ruwan sama ka ninka.

Wuce babbar mota a hanyar da masu zuwa da masu tahowa ke bin kwalta ɗaya shi ne abu mafi haɗari da za ka yi a yinin, don haka bari in daɗe a kansa. A ce tirela tana tafiya 80, kai kana 100. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka koma hannunka da tazara mai kyau, sai ka ci mata kamar mita 60. Da wannan bambancin gudun zai ɗauke ka daƙiƙa 11, kuma a cikinsu ka yi tafiyar mita 300 a hannun da ba naka ba. Motar da ke tahowa da gudu irin naka ita ma ta yi 300. Ke nan kana bukatar ganin fiye da rabin kilomita fayau kafin ka fita. Shi ya sa ba a wucewa a kwana, ko a kan tudu, ko kusa da gada, ko mahaɗa. Kada ka manne wa bayan tirela kana leƙe, ka ja baya, daga nesa ka fi ganin gaba. Idan ba ka ganin madubin direbanta, shi ma ba ya ganinka. Kada kuma ka bi bayan wanda ya fita wucewa don ka ga ya fita, shi ya auna wa kansa ne, bai auna da kai ba. In zuciyarka ta yi ɗar ko kaɗan, ka zauna.

Duk bayan awa biyu ka tsaya minti 15, ko ba ka ji gajiya ba. Ka fito, ka miƙe ƙafa, ka sha ruwa, ka zaga motar ka duba tayu.

MATAKI NA 7: IDAN WANI ABU YA FARU A HANYA

Taya ta fashe kana gudu: ƙafarka za ta so ta danna birki, ka hana ta. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsayar da motar a miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sai gudu ya ragu sosai ka taɓa birki kaɗan-kaɗan ka gangara gefe.

Duk inda ka tsaya, ka sauka daga kwalta iya yadda za ka iya, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kafa alama mai kusurwa uku can baya, taku hamsin ko fiye, idan bayan kwana ne ka kai ta inda mai tahowa zai gan ta kafin ya shawo kwanar. Fasinjoji su fita ta ƙofar da ba ta kallon hanya, su tsaya nesa da motar. Wajen canza taya, ka ja birkin hannu, ka tokare wata tayar da dutse, ka sassauta notuna tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Wajen ɗaurewa ka riƙa tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Allurar zafi ta hau ja: ka kashe na'urar sanyi, ka tsaya, ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan ciki zai yi tsartuwa ya ƙona maka fuska da hannu. Ka jira aƙalla rabin awa. Jar fitila mai hoton butar mai ta kama: ka tsaya nan take, inji yana iya lalacewa cikin 'yan mintuna. Fitila mai hoton batir kuwa tana nufin batir ba ya samun caji, ka kashe duk abin da ke cin wuta ka lallaɓa zuwa gari mafi kusa, amma idonka a kan allurar zafi, don in fanbel ne ya tsinke, a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa.

Ruwan sama ya tsuge: ka kunna fitila, ka rage gudu. Idan ka ji sitiyari ya yi sako-sako kamar motar tana yawo a kan ruwa, ka saki totur, kada ka murɗa, kada ka taka birki da ƙarfi, tayu za su sake kama ƙasa. Ruwan da ke gudu a kan hanya wanda ba ka san zurfinsa ba, kada ka shige shi.

MATAKI NA 8: DAWOWA

Ƙararrawa ta buga, ka tashi. Za a ce ka ɗan ƙara zama, za ka tuna wani abu da ba ka saya ba. Kowane minti 30 da ka ƙara a nan, a cikin duhu za ka biya shi, lokacin da fitilun masu tahowa ke kashe maka ido kuma motar da ta lalace ba fitila tana tsaye a gaba.

Ka ci abinci kaɗan. Cika ciki sannan a hau hanya da tsakar rana gayyatar barci ne, domin jikin ɗan Adam da kansa yana yin sanyi tsakanin kamar ƙarfe 2 zuwa 4 na rana, daidai lokacin da kake tsakiyar hanya. Alamomin ba su da wuyar ganewa: hamma a kai a kai, ido yana nauyi, ka tsinci kanka ka taka layi, ko ka kasa tuna kilomitocin da ka wuce yanzu. Na ƙarshen nan ya taɓa samuna. Na ga allon wani gari a gabana, alhali a sanina akwai wata doguwar gada kafin shi, kuma ban tuna na hau ta ba. Na gangara gidan mai na farko hannuna yana rawa.

Buɗe taga, ƙure rediyo, wanke fuska, duk na 'yan mintuna ne. Abin da ke aiki shi ne ka tsaya a wuri mai aminci, ka sha kofi ko shayi mai ƙarfi, ka kulle ƙofofi, ka kwantar da kujera ka runtsa minti 15 zuwa 20 da ƙararrawa. Kofin yana ɗaukar kusan wannan lokacin kafin ya fara aiki, sai ka farka su haɗu. Idan kuna da direba na biyu, ku yi canji duk awa biyu, wanda ke kujerar gefe kuma kada ya yi barci ya bar direba shi kaɗai.

Idan duk da haka lokaci ya ƙwace maka, ka ga dare zai yi maka da sauran tafiya mai nisa ga gajiya, ka kira gida ka nemi masauki a babban gari na gaba. Shi ya sa nake jefa buroshi da riga ɗaya a jaka ko da niyyata a dawo a ranar. In saura kaɗan ne kuma idonka garau, ka goge gilashi ciki da waje, ka rage gudu yadda za ka iya tsayawa cikin iyakar hasken fitilarka, ka sauke doguwar fitila idan mota ta taho, kuma maimakon kallon haskenta ka kalli layin gefen hannunka.

Kilomita 20 na ƙarshe ka ƙara nutsuwa, nan ne mutum ke sakin jiki don ya fara ganin wuraren da ya sani.

MATAKI NA 9: BAYAN KA ISO

Ka sanar da wanda ka baro can da wanda ke jiranka. Kafin ka fita daga motar, ka rubuta abin da mitar tafiya ta nuna, litar da ka sha, da ainihin awannin da kowane ɓangare ya ci, da su za ka yi lissafin tafiya ta gaba maimakon ƙiyasi. Washegari da safe ka leƙa ƙarƙashin motar, ka auna baƙin mai da iskar tayu. Idan ka yi amfani da safaya, ka kai tayar da ta sace wurin mai faci a ranar, ka sa ya sake ɗaure notunan, ka mayar da safayar mazauninta da iskarta cike.